Ba A Juya Kifi A Gaban Teik

Tun a mota Poh Choo ta fara ja wa mijinta Teik, tsohon masunci, kunne, sai ka ce shi za a kai gaban surukai.

"In an kawo abin da ba ka sani ba, ka ci. Ban da shinshinawa. Ban da tambayar inda aka samo shi."

"Bakin nawa ne ko naki?" in ji Teik.

"Yau dai nawa ne. Gobe in mayar maka da abinka."

Lan, 'yarsu, ita ke tuƙi, sun baro ƙauyensu Pantai Acheh sun kama hawan duwatsun da suka raba ƙauyen da birnin George Town. Shekararta talatin da ɗaya, malamar makaranta ce a Ipoh, jiya ta iso gida. Shekara biyu ke nan suna soyayya da wani Desmond Yeoh, mai gidan abinci a bakin tashar jiragen ruwa, shekara biyun nan kuma ubanta ko kallonsa ya ƙi yi. Wai shi bai ga abin da zai tattauna da ƙaton da ke ɗaura ƙyalle a ƙugu yana jera ganye a faranti ba. Sai da Poh Choo ta yi wata uku tana cika masa kunne safe da yamma kafin ya yarda ya zo cin abincin rana, ya ga yaron, ya ga uwarsa. In ya ce ya amince yau, aure ya tabbata. In bai ce ba, Lan ta riga ta rantse ba za ta tsallake maganar ubanta ba, kuma duk wanda ya san ta ya san taurin kan uban ta kwashe kaf, ba ta rage wa ƙanenta komai ba.

Shi kuwa Teik ba mafaɗaci ba ne. Da ma faɗan yake yi da abin ya zo da sauƙi. In ransa ya ɓaci miƙewa kawai yake yi ya fice, kuma inda ya fita ba ya komawa. Shekara talatin da takwas Poh Choo tana zaune da wannan hali, ta san shi kamar yunwar cikinta.

Gidan abincin tsohon sito ne na buhunan barkono. An bar bulo tsirara, an bar ƙarafan rufi a waje, an kashe kuɗi mai yawa don wurin ya yi kama da ginin da ba a gama ba. Samari da 'yan mata sun yi layi a ƙofa suna ɗaukar junansu hoto. A ciki an rataye kwandunan kama kifi an cusa musu ƙwan lantarki. Teik ya ɗaga kai ya dube su, ya buɗe baki, Poh Choo ta mintsine shi a gwiwar hannu ya rufe.

Uwar Desmond, Madam Yeoh, ta riga su zama. Mijinta ya daɗe da rasuwa ya bar mata gidaje, gashin kanta an tayar da shi sama kamar an hura, hannu ya sha awarwaron koren dutse.

"Sannunku da hanya," ta ce. "Yanzu mota na zuwa har can wajenku, ko?"

"Har wuta an kawo mana, Madam," in ji Poh Choo da fara'arta. "Shekaranjiya ma aka nuna mana talabijin."

Aka ba Teik kujerar girma, wadda ke fuskantar ƙaton gilashi da teku, bayansa ga zauren. Poh Choo ta zauna daura da shi, ita ke kallon jama'a. Desmond ya fito daga kicin yana goge hannu, dogo ne siriri, goshinsa duk zufa. Ya rusuna ya ce Kawu, ya rusuna ya ce Goggo, ya zuba musu shayi da hannu biyu. Ya ce a nan ba a zaɓen abinci, kala bakwai ne za su zo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya koma bakin aikinsa, can bayan wani gilashin, inda kowa ke ganin masu girki suna kai da kawo.

Na farko kawa ce, 'yar halittar teku mai ɓawo, guda ɗaya, an ɗora mata farar kumfa.

"Sabulun suka manta ba su ɗauraye ba?" in ji Teik ƙasa-ƙasa.

Poh Choo ta take masa ƙafa. Ya haɗiye kawar. Na biyu jatan lande ne, shi ma ƙwaya ɗaya tal, an kwantar da shi kan ɗanyen mangwaro da wani koren abin Japanawa mai hawa hanci. Teik ya tauna, ya tauna, ya kalli teku.

"Wannan da safen nan yana ruwa," ya ce.

Wanda bai san Teik ba zai ɗauka magana ce kawai. Lan kuwa sai da idonta ya kawo ruwa, don ta san ubanta bai da yabon da ya wuce wannan. Poh Choo ta saki numfashi ta jingina da kujera. Ashe da sauƙi, ta ce a ranta.

Sai aka buga kuge.

A tsakiyar zauren wani ma'aikaci cikin baƙaƙen kaya ya tsaya kan teburin wasu 'yan mata huɗu, riƙe da faffaɗan cokula biyu kamar ƙananan shebur. A gabansu ƙaton kifi ne kwance kan baƙin dutse mai zafi, sun cinye gefen sama har ƙashi ya bayyana. Mutumin ya zura cokulan a ƙarƙashinsa, ya ɗaga, ya wulwula shi a iska, ya kifar da shi kan ɗaya gefen. Hayaƙi ya turnuƙe, 'yan matan suka yi shewa, wayoyi a sama, wuri ya kaure da tafi.

Poh Choo ta saci kallon mijinta.

A Pantai Acheh ba a juya kifi a faranti. Kifin da ke kwance a gabanka jirgin gidanku ne, in ka kifar da shi jirgin ka kifar. Ana cinye gefen sama, a ɗage ƙashi, a ci na ƙasa yadda yake kwance. Gidan da ke da mutum a teku ko kalmar ba sa furtawa. A wasu gidajen abin ya zama na tsofaffi, a yi dariya a wuce. A gidan Teik kuwa ba dariya. Shekara talatin da uku da suka wuce wani baƙo daga birni ya juya kifi a teburinsu ranar sabuwar shekara, kwana huɗu bayan nan aka tsinci jirgin yayansa Leong a kife kusa da tsibirin Kendi, shi Leong ɗin ko takalminsa ba a gani ba. Iska ce, kowa ya sani iska ce, Poh Choo ma ta sha faɗa a ranta. To je ka gaya wa Teik. Bikin ɗan ƙanwarsa guda, wani ma'aikacin otal ya yi irin wannan a gabansa, ya tashi ya fita, shekara tara ke nan bai taka gidan ƙanwar ba. Kuma yau ɗansu Hin kwanansa uku a teku da jirgin gidan. Ita kanta da ba ta cika yarda ba, sai da ta tsorata.

"Tafin me ake yi?" in ji Teik, yana shirin waiwayawa.

"Ranar haihuwar wata ce," ta ce da sauri. "Ina ruwanka da 'yan matan mutane, tsoho da kai? Ga abinci nan an kawo."

Ta dubi Lan. Ita ma ta gani, fuskarta ta koma fara fat. Poh Choo ta sunkuya kamar za ta gyara mata wuyan riga.

"Ba ki gaya wa Desmond ba?"

"Inna, ban san da shi ba. Sabo ne, watan jiya ya ce ya fito da wani kifi, ban taɓa ganin yadda ake yi ba."

"Shekara biyu kuna hira, ba ki taɓa ce masa a gidanmu ba a yi ba?"

"Abin da ko sunansa ba a kira a gida, ta ina zan tuna in faɗa?"

Gaskiyarta. Lan ta zaro waya a ƙarƙashin tebur ta shiga dannawa, amma idon Madam Yeoh ba ya kuskure komai.

"In Desmond kike nema kada ki wahalar da kanki, 'yata. Ba mai shiga kicin ɗinsa da waya, har shi kansa. Ku dai ku rage wuri a ciki, kifin na nan tafe, shi ne na biyar. Shi ya kai sunan ɗana har Singapore. Sauran teburan ma'aikata ke yi musu, naku kuwa da hannunsa zai yi."

"Zai yi me?" in ji Teik.

"Zai kawo mana," in ji Poh Choo, ta bangaje kofin shayinta da gangan ya malale a tebur. Kafin a goge a sake zubawa, maganar ta bi ruwa.

Ta zauna tana lissafin mafita, ba ta ga ko ɗaya mai kyau ba. In ta fito fili ta faɗa a nan, Teik zai ji cewa da kifar da kifi yaron ya yi suna, sau arba'in a yini, ya miƙe. In ta yi shiru, zai gani da idonsa, daga hannun mai neman 'yarsa, ya miƙe. Kuge ya sake ƙara daga can kusurwa.

"Wata ranar haihuwar ce," ta ce tun kafin a tambaye ta.

Da aka buga na uku Teik ya ajiye cokali. "Duk mutanen garin nan rana ɗaya aka haife su?"

"Oho. Kai ne ungozomar?"

Ta miƙe ta ce za ta kewaya. Ta ratsa tsakanin tebura da sabuwar rigarta mai furanni da takalmin da ke cizon ɗan yatsa, ta nufi ƙofar kicin. Wata doguwar mata mai abin magana a kunne ta tare ta.

"Goggo, banɗaki ta can yake."

"Na gan shi. Maigidanku nake son gani, magana ɗaya."

"Ayya, Goggo, in an fara aiki ba a shiga."

"Ni ce uwar yarinyar da zai aura."

"Uwarsa ma ba ta shiga."

Poh Choo ta ƙwanƙwasa gilashin. Desmond ya ɗago, ya washe baki, ya ɗaga wani ƙaton kifi ta wutsiya ya nuna mata, irin ga naku nan, ya koma ya duƙufa. Kai, yaron nan! Ta kama hannun doguwar ta ce ta je ta gaya masa, in ya ajiye kifin a teburinsu kada ya ƙara taɓa shi, ko kusa. Matar ta ce to, Goggo, da irin murmushin nan da ake yi wa tsofaffi, ta juya ga wasu baƙi da suka shigo. Poh Choo ta yi shekara arba'in tana sayar da kifi a kwata, bakin ruwan da jirage ke sauke kamu, ta san "to" ɗin da ba ta zuwa ko'ina.

Da ta dawo Lan ta yunƙura za ta gwada tata sa'ar.

"Zauna," in ji uban. "Uwarki ta tashi, ke ma ki tashi, kujeru aka zo gani?"

Abinci na uku ya zo ya wuce, na huɗu ya zo ya wuce, Poh Choo ba za ta iya gaya maka abin da ta ci ba. Sai ga Desmond da kansa, ɗauke da katako, a kan katakon baƙin dutse, a kan dutsen kifin siakap mai tsawon hannun babban mutum, yana ta cuwa. Gefen sama ya sha tsamiya da barkono da albasa, ƙamshin gida sak.

"Kawu, wannan gefen girkin kakata ne," ya ce. "Na ƙasa kuma na inda na koyi aiki ne, man shanu da daddawar waken Japanawa, yana can yana ƙarasa nuna a kan dutsen. In kun gama da na sama zan dawo."

Ta kai hannu za ta cafko rigarsa, ya riga ya juya.

Abin haushin, kifin ya yi daɗi. Teik ya ɗanɗana, ya ɗaga gira, ya ce a kawo masa shinkafa, a gidan da ba a ba da shinkafa sai an roƙa. Ya shiga ci irin cin da ba ta ga ya yi ba tun da ya bar fita teku. Har ya ce da Madam Yeoh kakar yaron nan ta san tsamiya. Madam ta ji daɗi, ita ma ta sa hannu. Poh Choo ta ɗauko labarin ciwon gwiwarta don ta rage musu sauri, ta bi da na maƙwabciyarta da surukarta, ta ƙara da tsadar ƙanƙara. Suna ta "ayya" suna ci. Tana kallo ƙashi ya fara leƙowa ta wajen wutsiya, ya fito ta tsakiya, ya bayyana fes har wuya. Lan ta riƙe gefen tebur da hannu biyu.

Ga Desmond nan tafe, cokulan a hannu, doguwar matar na biye da kuge. Da yake ba kullum maigida ke yi da kansa ba, duk zauren ya juyo, mutane suka miƙe tsaye da wayoyinsu. Desmond ya rusuna wa Teik. Ya zura cokali ɗaya a ƙarƙashin kai, ɗaya a ƙarƙashin wutsiya.

"Dakata."

Muryar kwata Poh Choo ta yi amfani da ita, wadda ke tsallake injin jirgi uku. Ba ta ma san ta miƙe ba.

"Ajiye su, ɗana."

Madam Yeoh ta dafa ƙirji ta ce, "Lafiya?" Desmond ya kalli Poh Choo, ya kalli Lan, ya kalli wayoyin da aka auna masa ta kowane gefe. Kunnuwansa suka yi ja. Ana ganin fuskarsa an san bai fahimci komai ba. Kifin ya riga ya ɗagu kamar yatsa biyu daga dutsen. Ya mayar da shi a hankali yadda yake, ya zare cokulan, ya ajiye, ya ja da baya taku ɗaya ya haɗa hannu a baya.

Poh Choo ta ji kamar ta rungume shi, amma ba lokaci. Ta juya ga mijinta ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ka ga yaro mai hankali? Ɗazu da na tashi, cewa ya yi, Goggo, na san ku mutanen teku ne, naku kifin ke za ki buɗe shi yadda kuke yi a gida. Ba haka ka ce ba?"

"Haka... haka ne, Kawu," in ji Desmond.

To, ƙarya ta fita, saura cikawa. Tsinkayen cin abincin da ke teburin na ƙarfe ne masu santsi, ta ture su ta ce a kawo mata na itace daga kicin. Ta naɗe hannun rigarta. Sai a lokacin ta tuna da yatsunta, waɗanda ƙanƙarar shekara arba'in ta kumbura ta karkata, wasu safiyoyin ko maɓallin riga ba sa iya sawa. Kifin ya ninka na gida biyu, kuma gasasshe ne, gasasshen kifi kuwa ya fi turararre riƙe ƙashi. A gidan Teik ɗagewa kaɗai ba ta isa ba, ƙashin bayan sai ya fito ɗungurungum, don ba mai son ganin ƙashin jirgi a karye. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, amma ta yi ta maza.

Ta fara da gefe. Ta bi layin ƙananan ƙayoyin baya ta janye su a jere kamar mai zare tsinken kitso, ta yi haka ta wajen ciki. Ta datse fatar ƙarƙashin wutsiya da bakin cokali. Sannan ta zura tsinke ɗaya kwance tsakanin ƙashi da tsoka, ta riƙe wutsiyar da ɗayan hannun, ta fara turawa gaba, gaɓa bayan gaɓa. Zafin dutsen na dukan wuyan hannunta. Ba ta kallo, ji take yi da yatsu, kanta a karkace kamar mai sauraron magana ta bango. Rubu'i ya saki. Rabi ya kusa.

A tsakiya ya cije. Ta ɗan ƙara ƙarfi, ta ji ƙashin ya lanƙwasa, ta tsaya cak. Zufa ta gangaro mata cikin ido.

"Kai," ta ce da Desmond ba tare da ta ɗago ba, "man nan da ke tafasa a gefen dutse, ɗebo cokali ɗaya. Zuba nan, daidai bakin tsinken. Ba can ba, nan. A hankali, ba wanka za ka yi masa ba."

Ya durƙusa a gefenta da fararen kayansa ya zuba. Ta ƙirga numfashi uku. Ta motsa tsinken, ta ji tsokar ta saki kamar an buɗe ƙofa. Daga nan har wuya bai ƙara gardama ba. Ta zura tsinken a ƙarƙashin kai, ta ɗaga gaba ɗaya, wutsiya da ƙashin baya da kai a haɗe, ko ƙaya ɗaya ba ta ɓalle ba. Ta ɗaga shi sama da hannu biyu, mai na ɗiga. A kan dutsen gefen ƙasa na kwance fari tas, yana tururi, ba inda ya farfashe.

Doguwar matar, ba wanda ya sa ta, ta maka wa kugen duka. Kai, zo ka ji tafi! Na ɗazu duk wasan yara ne. Masu girki suka bar tukwane suka manne da gilashi, wani Bature a bayan zaure har da fito. Poh Choo ta shimfiɗa ƙashin a dogon faranti, ta zauna, zuciyarta fal da wani irin daɗi da ta manta rabon da ta ji shi.

Teik bai yi tafi ba. Ya zura cokali ya ɗebo tsoka, fatar ƙasa ta biyo shi a soye ƙayau, man ya ratsa ta ciki. Ya tauna ya haɗiye, sannan ya dubi matarsa.

"Ranar haihuwa, ko?"

Ta kau da kai, shi kuma ya ci gaba.

"Gilashin nan da kuka ajiye ni a gabansa, kun ɗauka teku kaɗai yake nunawa? Shekara arba'in ina tuƙi ina kallon bayan jirgi a gilashin gabana. Sau biyar na ƙirga ana yin abin nan. Har ƙwanƙwasa gilashin kicin da kika je kina yi kamar mai tallan ƙwai na gani."

"To me ya zaunar da kai?" ta ce.

"Waɗancan ba teburina ba ne. Hannunsa nake jira." Ya juya ga Desmond, wanda ke tsaye har yanzu da cokalin mai. "Kai. Ka san abin da ya sa ta tsayar da kai?"

Desmond ya ajiye cokalin. Poh Choo ta ƙifta masa ido, bai duba ba.

"Ban sani ba, Kawu. Har yanzu ban sani ba. Kuma ban ce da Goggo komai ɗazu ba, ku gafarce ni."

"Amma ka ajiye."

"Ta ce in ajiye."

"A gidanka. Gaban ma'aikatanka da uwarka da duk masu wayoyin nan."

"Yadda ta faɗa, na ga kamar in na tsaya tambaya zan makara."

Teik ya gyara zama. "Na ɗauki mutane da yawa a jirgi," ya ce. "Masu ƙarfi, masu wayo. Wanda na fi tsoro shi ne wanda in ka ce saki igiya sai ya ce don me. Lan za ta gaya maka dalilin in kun keɓe. Jawo kujera."

"Kawu, akwai sauran kala biyu da zan..."

"Ba ka da ma'aikata? Suruki ba ya tsaya mini a ka ina cin abinci."

Lan ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba. Madam Yeoh ta buɗe baki za ta yi magana, Teik ya riga ta, ya ce da ita sai ta nemo mai duba rana, amma a kauce wa lokacin da jirage ke fita, yana son Hin ya halarta. Sannan ya kai tsinkensa kan kifin, ya ɗaga fatar da ke ƙasan ido, ya ciro 'yar tsokar kumatu, wadda duk jikin kifi babu kamarta, ya sa a kwanon Desmond. Yaron ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya cika.

Kifi kumatu biyu gare shi. Poh Choo ta jawo farantin gabanta, ta bar kan yadda yake kwance, ta zura tsinke ta ƙarƙashi ta lalubo na biyun, ya fito sumul. Tun da ta yi aure, in kifi ya zo tebur, ɗaya na maigida ne, ɗaya na baƙo ko na ɗa, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa sanin ɗanɗanonsa ba. Ta ga Madam Yeoh ta ɗan turo kwanonta gaba da yatsa. Ta ga Teik ma ya saki ido yana jira. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta jefa abinta a baki.

Daga teburin da ke kusa wani mai ƙaton tumbi ya ɗaga hannu. "Maigida, mu ma irin na Goggo muke so, kada a taɓa mana namu!" Na bayansa suka ce su ma, doguwar matar ta zo ta tsaya a gefen Poh Choo tana murza hannu alamar roƙo, wannan karon ba irin murmushin ɗazu ba.

Tsokar ba ta fi kan ɗan yatsa ba, amma Poh Choo ta lumshe ido tana taunawa a hankali, ta bar su duka suna jira har sai da ta gama.